Bangon Hagu

Da Auta ya ce zai binne lasifikunsa a cikin bangon sabon ɗakinsa na ɗaukar waƙa, yayansa kafinta ya ɗauka zolaya ce. Mutum ya samu kaya masu kyau haka, manya guda biyu kowacce ta kusa kai ƙaramin firji, sannan ya ce a cusa su cikin gini a bar fuskarsu kaɗai a waje? Amma Auta ba ya wasa da zancen sauti. Sana'arsa ke nan, ɗaukar waƙa da haɗa ta, har mawaƙa na ce masa Mai Kunne, don ko tsirkiya ɗaya ce ta saki a cikin taron kayan kiɗa, shi zai ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ya bayyana wa yayan nasa cewa lasifika in tana tsaye a fili, amonta mai kauri yakan zaga baya ya bugi bango ya dawo ya dagula na gaba. In kuwa fuskarta ta zo daidai da fuskar bango, babu inda zai zaga. Kafintan ya gane rabi, ya ce rabin ya ishe shi kama aiki.

Aikin kuwa mai sharuɗɗa ne. Kowace lasifika aka gina mata dakalin bulo nata, aka shimfiɗa roba mai kauri a kai, don kada girgizarta ta shiga jikin katako. Kafintan ya tayar da sabon bango a gaban na asali, ya karkato shi ta ɓangarorin biyu yana kallon kujerar da Auta zai riƙa zama. Falanki kan falanki ya jera har sai da bangon ya daina amsawa in an ƙwanƙwasa. Bayansa ya cika da audugar gini, irin mai sa ƙaiƙayi, ya bar hanyar iska sama da ƙasa saboda zafin na'ura. Tsakanin akwatin lasifikar da bakin ramin ya bar 'yar tazara wadda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba, ya toshe ta da roba. Babban sharaɗin dai shi ne hagu da dama su zama tagwaye. Ya kafa ƙusa a wurin kujerar, ya ja igiya zuwa kowane ɓangare, ya auna ya sake aunawa.

Ranar gwaji Auta ya zauna, ya kunna waƙar da ya sani ciki da bai, ya rufe ido. Bai kai amshi ba ya kashe. Ya ce dama ta yi, amma hagu a toshe take, kamar an yafa mata bargo.

Kafintan bai yi musu ba, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ji ba fanninsa ba ne. Suka ciro lasifikun da nishi, suka mayar da ta hagu dama, ta dama hagu. Auta ya ce har yanzu hagu. Suka musanya wayoyi, suka musanya na'urar ƙarin ƙarfi, duk hagu. To, in ba lasifika ba ce, ba waya ba ce, me ya rage? Auta ya dubi bangon, ya dubi yayansa, ya ce cikin ladabi wataƙila akwai inda katako ke taɓa akwatin.

Maganar ta sosa wa kafintan rai. Shi ya goya yaron nan, shi ya sassaƙa masa gangar wasa ta farko, yau kuma shi ake wa gyara. Amma ya haɗiye, ya ɓalle fuskar bangon hagun, ya zazzage audugar, ya leƙa kowane lungu da tocila. Babu abin da ke taɓa komai. Duk da haka ya ƙara falanki, ya canza robar, ya mayar. Auta ya saurara ya girgiza kai. Aka sake ɓallewa. A gida matar kafintan ta ce bangon nan fa ya fi ta ganin mijinta, ko dai a kai masa tabarma can ne. Bai yi dariya ba, don abin ya fara cinsa: in ɗakin bai tashi ba, mawaƙan da suka ƙagu za su koma wani wuri, kuma za a ce hannun yayan ne ya kashe wa ƙanen sana'a.

Wani hantsi yana durƙushe a gindin bangon hagun, Auta na kan kujerarsa yana danne-danne, kafintan ya ce a miƙo masa sukundireba. Shiru. Ya maimaita, shiru. Ransa ya ɓaci, ya ce a zuci wato yanzu abin har ya kai ga a share shi. Ya tashi ya zaga ta gefen daman Auta don ya ɗauka da kansa, yana ƙunƙuni ƙasa-ƙasa. Nan take Auta ya juyo ya ce, “Na'am, Yaya, me ka ce?”

Kafintan ya tsaya da abin a hannu. Ƙunƙunin bai kai rabin ƙarfin kiran farko ba. Can kuma wayar Auta ta yi ƙara, ya kara ta a kunnen hagu, ya ce alo, ya yamutsa fuska, ya mayar da ita dama ya ci gaba da magana, bai ma san ya yi ba. Nan kafintan ya gane. Sun musanya komai a ɗakin nan, ban da mutumin da ke kan kujera.

Tsoro ya kama shi, ba na wasa ba. Da a ce laifin bangon ne, da ya fi masa sauƙi sau dubu, ya rushe ya sake, ko sau nawa ne. Har ya yi tunanin ya yi shiru, ya ce a ƙara wa hagun ƙarfi kaɗan a rufe zancen. Amma ya san abin da hakan zai haifar: duk waƙar da ta fita daga ɗakin za ta fita a karkace, kuma bare ne za su fara faɗa wa Auta, ba da tausayi ba. Gara ta fito daga bakin ɗan'uwa. Sai dai shi ba gwanin magana ba ne.

Da Auta ya gama wayar, kafintan ya kama kujerar ya juya ta, bayanta ya koma wajen lasifikun.

“Zauna haka,” in ji shi. “Ka kunna waƙar nan, ka nuna min wadda ke toshe.”

Auta ya dubi kujerar ya daɗe. Bai tambayi dalili ba, shi ma ɗan sana'a ne. Ya kunna, ya zauna yana fuskantar ƙofa, ya rufe ido. Waƙar ta yi ta tafiya, ta wuce amshi, ta shiga baiti na biyu. Sannan a hankali ya ɗaga hannun hagu ya nuna bayansa. Yatsan ya sauka kan bangon dama, wanda tun da aka gina shi ba a taɓa cire masa ƙusa ɗaya ba.

Kafintan ya miƙa hannu ya kashe waƙar. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin da su biyun suka sha wahala suka gina. Ya so ya ce akwai asibiti, akwai likitocin kunne, wataƙila abin mai magani ne. Duk zai faɗa, amma Auta ya riga shi.

“Na sani, Yaya. Tun kafin ka kafa ƙusar farko na fara jin kunnen hagun nan yana toshewa.” Bai buɗe ido ba. “Ka yafe min wahalar da na ba ka. So nake ya zama bangon ne.”

Kafintan ya ji hawaye na neman zubo masa, ya juya baya ya ɗauko falankin fuskar da ke jingine. Ɗaukar mutum ɗaya ne, ya sha ɗaga shi shi kaɗai a 'yan kwanakin nan. Amma ya zaga ta gefen dama na ƙanensa, ya sunkuya kusa da kunnensa.

“Tashi ka kama min, Auta,” ya ce. “Mu rufe shi, mu tafi a duba ka.”