Hawan Tsakiya

Gonata da ta Yanzu-yanzu iyaka ɗaya ce, don haka duk abin da ya faru a gonarsa a kan idona ya faru. Sunan ma ni na laƙaba masa tun muna samari. Ko gaisawa yake yi da kai, ƙafarsa ɗaya ta riga ta kama hanya, kuma duk abin da ka tambaye shi yaushe zai yi, amsarsa ɗaya ce: yanzu-yanzu.

Gonakin bakin kogi ba shimfiɗe suke ba, hawa-hawa ne kamar matakala. Tasa hawa uku ce. Na ƙasa, wanda ke jikin ruwa, baƙar laka ce mai danƙo. Kogi na hawa kansa duk damina ya bar masa sabon taɓo, in ruwa ya janye a dasa albasa. Na sama jar ƙasa ce mai tsakuwa, ba ta riƙe ruwa, gyaɗa da wake kawai ke haƙuri da ita. Na tsakiya kuwa shi ne gonar. Ƙasa ce mai duhu, mai laushi, ba ta manne wa fartanya, ba ta kuma zubewa kamar yashi. Sara ɗaya za ka yi ka ga tana na motsi a ciki. Masarar da ake ci a gidansu daga kaka zuwa kaka daga nan take fitowa.

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ita da marigayi mijinta suka noma wannan gona tun kafin a haife mu. Gwiwa ta hana ta gangarawa, tana zaune a ɗakinta bakin taga. Amma duk shekara kafin shuka sai an ɗebo mata ƙasa. Ta zuba a tafin hannu, ta ɗiga ruwa, ta murza. Ta hawan ƙasa takan yi tsawo kamar igiya, ta lanƙwasu ba ta karye ba. Ta sama ko dunƙulewa ba ta yi. Ta tsakiya takan murzu, in an lanƙwasa ta karye. Daga nan sai ta faɗi inda ke son taki da inda za a bari ya huta.

A wannan rani Yanzu-yanzu ya samu injin ban-ruwa, ya kuma daidaita da mai tarakta. Sai tarakta ta zo ta kasa gangara matakalar. Aka yi daidai masu gyaran titin da ya bi ta bayan gonakinmu sun gama aiki, katafilarsu na ajiye tana jiran motar da za ta ɗauke ta. Ya je ya taho da direban.

Ina kan iyaka ina gyara shinge na ji su. Direban ya zaga gonar, ya dawo yana goge wuya da tsumma.

"Maigida, aikin iri biyu ne. Ko in fara kankare ƙasar sama in tara ta gefe, in daidaita wurin, sannan in mayar da ita. Ko kuma in tura gaba ɗaya, tudu ya cike kwari."

"Wanne ya fi sauri?"

"Ai ka sani. Na farko sai na yi kwanaki, kuma ban san ranar da motar za ta zo ba."

"Tura kawai."

"In baƙar ƙasar ba ta da zurfi fa?" in ji direban.

Yanzu-yanzu ya yi dariya ya nuna rijiyar da ke hawan ƙasa. "Ka ga waccan? Da hannuna na haƙa ta. Har kaina ya nutse baƙar ƙasa nake fitarwa. Ko wata guda ka yi kana turawa ba za ka ga ƙarshenta ba."

Na ce masa, "Kai, rijiyar a hawan ƙasa take. Ɗauki diga ka sara tsakiyar ka gani mana."

"Gonar ubana zan tsaya dubawa? Kai dai gyara shingenka, awakinka sun fi ka aiki."

"Ka gaya wa Inna?"

"Tsohuwa za ta ce a jira, katafila kuwa ba ta jira."

Gaskiya ni ma ban san zurfinta ba. Ba wanda ke haƙa rami a wuri mafi kyau na gonarsa. Rijiya a ƙasa ake yi inda ruwa ke kusa, ramin shara a sama inda ba a asarar komai. Tsakiya iyakar inda fartanya ta kai muka sani.

Da safe katafila ta shiga. Bakinta ya fara ɗaukar baƙar ƙasar, tana naɗewa a gabansa, ya kai ta gaɓa ya zubar. Kafin rana ta take, abin da ke naɗewa ya fara ja. Direban ya tsaya ya leƙo yana nuna ƙasa. Yanzu-yanzu ya kaɗa masa hannu ya ci gaba, a ganinsa jar ta hawan sama ce ke gangarowa. Haka tsakuwa ta bi bayan baƙar ƙasa ta rufe ta. Da aka gama gona ta zama shimfiɗa ɗaya, ja wur.

"Ka gani? Kamar faranti!" in ji shi. "Baɗi kai ma za ka zo kana roƙona lambar direban."

Damina ta sauka, aka shuka masara. Ta fito, ta kai gwiwa, ta tsaya. Ganyen ya yi rawaya tun daga ƙasa. In an yi ruwa sai ya kwanta a sama, rana ta fito wurin ya yi ɓawo, fartanya na tsalle a kai. Ya zuba takin zamani, ya sake zubawa, ruwa ya wanke. Da kogi ya cika bai hau ya bar taɓo kamar da ba, sai ya riƙa cin bakin cikon yana tafiya da shi. Tawa masarar a ƙetaren shinge ta fi ni tsawo. Na daina tsayawa a iyaka, don kada ya ce kallonsa nake yi.

Bayan kaka 'yar ƙanwarsa ta zo ganin kakarta. A wurin gwajin ƙasa take aiki. Ta sa dogon takalmi ta ce mu haƙa mata ramuka, ni da shi. Na farko a inda hawan tsakiya yake a da. Diga ta yi ƙara tun saran farko, tsakuwa ce zalla, masu santsi irin na cikin ruwa.

"Kawu, nan tsohuwar hanyar kogin ce," ta ce, tana juya ɗaya a hannu. "Ya bi ta nan da daɗewa ya bar duwatsu, sannan ya koma ƙasa. Baƙar da kuke nomawa a hankali ta taru a kansu. Ba na jin ta wuce kamu ɗaya."

"To rijiyar fa?"

"Rijiyar wani hawa ne daban. Can kogi na ƙara mata duk shekara. Gona ɗaya ce a wurinka, amma ƙasa uku ce."

Rami na biyu muka yi kusa da gaɓa. Muka yi ta fitar da ja har ramin ya kai mana ƙirji, sannan baƙar ta bayyana, a danne, a jiƙe, tana wari kamar tsohuwar kwata. Yanzu-yanzu ya durƙusa ya ɗebo ta da hannu biyu.

"'Yar nan, za ta dawo?"

"Wadda ba ta gauraya da tsakuwa ba, in ka fito da ita ta sha iska. Ba ta da yawa. Saura sai takin dabbobi da wake, shekara bayan shekara."

"Shekara nawa?"

Ta dube shi, ta dube ni. "Kawu, kai dai ka fara."

Duk wannan lokaci Inna ba ta sani ba. An ce mata bana ruwa ne bai yi daidai ba. Da shuka ta matso ta nemi ƙasarta kamar kullum. Ya roƙe ni in raka shi, wai in ina wurin ba za ta yi faɗa sosai ba. Muka same ta bakin taga, butarta a gefe. Ya zuba mata a hannu. Ta ɗiga ruwa, ta murza, ƙasar ta watse tsakanin yatsunta.

"Kai har yau ba ka daina garaje ba? Wannan ai ta sama ce. Ta tsakiya na ce."

"Ita ce, Inna."

Ta sake murzawa. Ya faɗa mata komai, kansa a ƙasa, tun daga tarakta har ramukan jikarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Shekarar da sanmu ya mutu yana cikin huɗa," ta ce, "ya fi ƙarfin a ja shi, babanka ya ce a binne shi nan tsakiya. Daga yatsa zuwa gwiwar hannu muka haƙa, muka tarar da dutse. Tun daga ranar bai ƙara bari garma ta nutsa a wurin ba." Ta kakkaɓe hannunta a kan zane. "Ga ni nan zaune, ɗan nan. Ba inda nake zuwa. Tambaya ɗaya ce."

Ya durƙusa ya tattara ƙasar da ta zube, muka fito.

Yanzu kullum in na fito gona yana can da baro da shebur. Yakan shiga ramin gaɓa ya tono baƙar, ya tsince tsakuwar da hannu, ya turo baron zuwa inda tsakiya take ya juye. Wurin da ya rufe bai fi faɗin ɗaki biyu ba. Masarar gidansu daga kasuwa take zuwa, taraktar kuma ba ta sake dawowa ba.

Rannan na jingina da shinge na ce, "To, yaushe za a gama?"

Ya ajiye baron ya daɗe yana kallon jar shimfiɗar. Sannan ya ce, "Kashin awakin nan naka, in ba ka da abin yi da shi, ka riƙa tara min."