Kaset Ɗin Bala Mai Jita

"Danna jan, Hajja. Jan nan za ki danna," in ji Malam Balarabe daga kan gadonsa.

Hajo ta ɗora rekodar a cinyarta, yatsanta a kan maɓallin, amma ya ƙi sauka. Ƙaltume tana yi wa mijinta fifita, tana kallonta da mamaki.

Bayan azahar Ƙaltume ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta ce a ara musu rekoda, don ɗansu ya tafi da tasu garin Yanbu wurin aiki. Alhazan Damagaram sun kusa cika sallolinsu arba'in a Haramin Annabi, gobe bayan la'asar motarsu za ta kama hanyar Jidda. A unguwar Ƙurban kuwa haka ake aika wasiƙa gida: ka yi maganarka a kaset, alhaji ya kai. Mijin Ƙaltume, Malam Balarabe mai turare, wanda likitoci suka sallamo tun makon jiya ba tare da sun ƙara masa magani ba, yana da saƙon da yake so ya riga shi isa gida.

Ya sa an jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Hajo ta zaci turare ne a ciki. Sai ga lambar girma ta tagulla da koren zare, ga takardun yabo har uku da suka yi ja don tsufa, ɗaya daga Yamai, ɗaya daga Dakar, ɗayar kuma da rubutun da babu mai iya karantawa a ɗakin. Ga hoton wani saurayi mai gashi tsiri-tsiri da wando mai faɗin ƙafa, ya rungume jita, wani gajeren mutum a bayansa da kalangu. Can ƙasa kuma kaset guda, ba rubutu a jikinsa. Shi Malam ya ce a saka.

"Malam," in ji Hajo, "akwai sabon kaset a ɗakina, ko ledarsa ba a cire ba."

"A kan wannan nake so."

"Waƙar za ta goge fa."

Ya juyo da kansa a kan matashi. "Wa ya ce miki waƙa ce a ciki?"

"Ni 'yar Damagaram ce, Malam. Tun ranar da ka fara yin sallama a ƙofarmu na san muryar Bala Mai Jita."

Dariya ta kama shi, ta koma tari, sai da Ƙaltume ta ba shi zamzam ya lafa. "Shekara goma sha ɗaya kina sayen turarena, har kina ce mini ya yi tsada, ba ki taɓa cewa uffan ba?"

"Kai ka rufe abinka. Ni ce zan buɗe?"

Ai kuwa ta sha fama da bakinta. Lokacin da take amarya, babu gidan da ba a jin "Ki Bar Mini Ƙofa" a rediyo. Tsofaffi suna cewa yaron ya ɗauko kayan kiɗan Turawa ya ɗora wa waƙar daka, amma su ma ƙafarsu tana motsi a ƙarƙashin riga. Mijinta Usmanu ya rera mata ita a bayan motar da ta fito da su daga gida, da muryarsa mai kama da ƙofar langa-langa. Yau shekara shida Usmanu yana kwance a maƙabartar Baƙi'a, ita kuma shekara goma sha biyar rabonta da Damagaram. Baitocin sun zube mata ɗaya bayan ɗaya, saura amon kawai. Kewar waƙar nan ta fi ƙarfin abin da za ta iya gaya wa kowa, alhali mai ita yana bayan katangarta yana auna turare.

"To bari in ji sau ɗaya," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sau ɗaya tak, sai a goge."

"In kin ji, ni ma zan ji. In na ji kuwa zuciyata za ta koma gida, ni kuma nan na zo in kwanta." Ya lumshe ido. "Halas, shi ke nan, Hajja. Ki taimake ni."

Ta danna.

"Ɗanmusa mai kalangu, ni ne Bala. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Lambar nan da aka rataya mini a Yamai, kai ka san wanda ya kawo amshin waƙar, ni ma na sani. Aka kira sunana, na hau na karɓa, ban waiwayo ba. Ga ta nan na aiko, taka ce. Ka yafe mini. In ka ji an ce na rasu, kada ka yi mini kiɗa, ka yi mini addu'a." Ya ɗan ƙara gaishe-gaishe, ya ambaci mutanen da watakila sun riga shi tafiya, sannan ya ɗaga hannu. Hajo ta kashe.

Washegari da hantsi ya cika. Aka sallace shi a Harami bayan azahar tare da wasu gawawwaki huɗu, maza suka wuce da shi Baƙi'a da sauri, kamar yadda ake yi a nan.

Ƙaltume ta shiga takaba, ba ta fita, don haka Hajo ce za ta kai saƙon wurin Hajiya Sabuwa, ɗaya daga cikin alhazan, wadda ta yi alkawarin miƙa shi hannu da hannu. Ba a naɗe kaset sai an tabbatar ya ɗauka, wannan kowa ya sani. Ta rufe ɗakinta, ta mayar da shi farko, ta kunna. Muryar jiya ta fito da numfashi sama-sama har zuwa gaisuwar ƙarshe. Aka ji ƙas.

Sai jita ta ɓarke, kalangu na bin ta. Maganar mara lafiya ba ta kai tsawon waƙar ba, ta bar mata wutsiya.

*Ki bar mini ƙofa, inna, ko da rabi ne,*
*Na yi nisa, amma ban manta hanya ba.*

Sau biyu saurayin ya faɗa, kiɗan ya sauka, sai shuru. Hajo ta daɗe da yatsa a kan maɓallin mayarwa, hawaye na ɗiga a kan rekodar. Ba ta mayar ba. Ta cire kaset ɗin, ta naɗe shi da lambar a cikin farin ƙyalle, ta ɗinke bakin.

Bayan motar alhazai ta tashi, ta taka zuwa katangar Baƙi'a, inda mata ke tsayawa tunda ba a barinsu shiga. Ta leƙa ta tsakanin ƙarafuna. Tudun ƙasa ne jere har iyakar ganinta, kowanne da ɗan dutsensa, babu suna ko ɗaya. Ba ta san na Usmanu ba, balle na yau. Tattabaru suna ta tsintar alkamar da masu ziyara suka watsa.

Ba ta san leɓunanta suna motsi da baitin waƙar nan ba, sai da wata tsohuwar Baturkiya da ke gefenta ta ɗaga hannuwa ta ce, "Amin."

Hajo ta dube ta, ita ma ta ɗaga nata hannuwan.