Ƙanzon Tuwo a Longsight

A gidansu na Kumasi, Sadiatu ba ta taɓa ganin an zubar da abinci ba. Ƙanzo na kaji ne, ɓawon doya na awaki. Da zama ya kawo ta unguwar Longsight a ƙasar Turawa, sai ta riƙa watsa wa tantabaru a bayan gida, har council, hukumar garin, ta aiko takarda ta hana, wai saboda ɓeraye. Yanzu kuma an raba wa layinsu kwandon ragowar abinci.

Ta daɗe tsaye a kansa, rungume da tukunya.

"Mama, ki zuba kawai, taki za a yi da shi," in ji 'yarta Ubaida.

"Takin gonar wa?"

Ubaida ta ɗaga kafaɗa.

Sadiatu ta kankare ƙanzon a ciki, bakinta na kiran kaji ba ta ma sani ba. Ko ɗaya bai taho ba.