Waƙar da Shehu Ke Tsallakewa

Idan mutum ya yi wa Allah alkawari, cika alkawarin kuma zai hana majinyaci abu ɗaya da ya roƙa, ina ya kamata ya karkata? Na duba 'yan littattafan da nake da su, na juya maganar a raina, har yau ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba.

Shagona na kaset yana bakin tashar Ƙaura Namoda. A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a aikina ya sauya. Mutane suka riƙa kawo kaset ɗin kiɗansu in ɗora musu wa'azi a kai. In liƙe ramukan saman kaset da salatif, in danna jan maɓalli, waƙa ta shafe, malam ya hau.

Kafin wannan, benci na ƙofar shagon majalisar mutum uku ne: Shehu direban Shinkafi, Jafaru bakanike, da Ɗanbaba mai fataucin albasa. Abin da ya haɗa su shi ne Samarin Tarka, wasu matasan Nijar masu jita da ganguna. Kaset uku suka yi. Na ukun bai shigo kasuwa ba, Shehu ne ya samo shi a Maraɗi, ya kuma hana ni kwafa.

Kullum gardama ɗaya. Jafaru ya ce kaset na farko ne kaɗai kaset, daga waƙar "Bakin Iyaka" ba su sake yin abin kirki ba. Shehu ya ce "Rijiyar Dutse" ta fi, domin ita ke sa fasinja su manta da ramukan hanya. Amma su biyun sun haɗu a kan cewa mafi rauni ita ce "Jiran Mota" ta kaset na uku, doguwa mai sanyi, jita na ta kuka kafin a ce uffan. Ɗanbaba kaɗai ke kare ta.

"Wagga ba waƙa ba ce, injin markaɗe ne ya rasa mai," in ji Shehu.

"Kunnen direba gare ka," in ji Ɗanbaba. "In abu bai gudu ba, ba ka jin shi. Ka taɓa bari ta kai ƙarshe?"

"Allah shi kiyaye."

Wata ranar Alhamis suna dawowa daga kasuwar Shinkafi, motar Shehu ta bar hanya ta daki bishiya. Shehu ya fito da ƙujewa kawai. Ɗanbaba, wanda ke zaune a gaba, ya karye a baya. Aka kai shi gidansu a Zurmi, ƙafafunsa ba sa motsi. Aka ce taya ce ta fashe.

Bayan an kwana biyu Shehu ya zo shago da hantsi, ya rame, ya aje kaset ukun a kan tebur.

"Malam Haladu, ɗora min wa'azi. Duka. Na yi wa Allah alkawari ni da kiɗa har abada."

Na ɗora a kan na farko. Jafaru na zaune a benci yana kallon ƙasa, kamar ana binne wani nasa. Na ɗora a kan na biyu. Ina liƙa salatif a na uku sai ya miƙe.

"Tsaya, Malam. Shehu, jiya na je Zurmi. Ɗanbaba ya ce a kai mai wanga kaset. 'Jiran Mota' shika son ji."

"A kai mai karatu. Shi ya fi mai amfani yanzu."

"Shina jin karatu dare da rana. Wagga ɗaya ya roƙa. Kai ko gaishe shi ba ka je ba, sai aiken kuɗi kamar wani baƙo."

Na ce bari in kwafi waƙar ita kaɗai, sannan a shafe nasa. Shehu ya ce a'a, in ya bari ta fita daga hannunsa zuwa kunnen wani, alhakin na wuyansa. Na ce masa rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma. Ina faɗa ina jin nauyin bakina, domin ban sani ba ko taimakonsa nake yi ko hure masa kunne.

Shehu ya juya yana kallon tasha. Wata mota tana lodin Gusau, ana ta kiran saura mutum ɗaya.

"Ba taya ba ce," ya ce. "Waƙar ce ta shigo, na duƙa in tura ta gaba kamar kullum. Ɗanbaba kuma ya riƙe min hannu, muna dariya. Da na ɗago, ga bishiya." Ya dubi Jafaru. "Bai faɗa wa kowa ba. To ka gaya min, waƙar shika so, ko so shike in zo in tsaya gabanshi?"

Ni dai ban sani ba. Mai yiwuwa kewa ce kawai ta mutumin da ya gaji da kallon rufin ɗaki. Mai yiwuwa hukunci ne. Mai yiwuwa shi kansa Ɗanbaba bai tantance ba.

"Danna, Malam," in ji Shehu.

Na sa kaset ɗin a na'ura. Na ce, "Naka ne. In ka ce in danna zan danna. Amma babu wani irinsa a Ƙaura, kuma abin da ya shafe ba ya dawowa."

Ya tsaya yana kallon yatsana a kan maɓallin. Sai ya miƙa hannu ya buɗe na'urar da kansa, ya zare kaset ɗin.

"Ara min rediyonka mai batir."

Bayan azahar muka isa Zurmi, mu uku. Ɗakin yana warin man zafi. Ɗanbaba na kwance a rigingine, kumatunsa sun faɗa. Ya dubi Shehu daga sama har ƙasa.

"Direba. Ashe ka san hanyar Zurmi."

Shehu ya durƙusa zai yi magana, Ɗanbaba ya ɗaga hannu.

"Ba yau ba. Sa ta."

Shehu ya laluba har ya kai farkonta, ya danna. Jita ta fara kukanta a hankali. Matar gidan ta zo ta janyo ƙofa don kada maƙwabta su ji. Ɗanbaba ya juya fuska wajen bango, ban ga abin da ke cikinta ba.

Shehu ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya matse hannayensa biyu tsakanin gwiwoyinsa, waƙar tana tafiya.