Zanen Alli a Hawa na Biyar

Kwana goma sha ɗaya ke nan da mai famfo ya cire tsofaffin bututu ya jingine sababbi a bango, yana jiran magana guda daga bakin Kafinta: a ina za a sa wurin wanke-wanke. Kafinta kuwa ya ƙi faɗa. Kullum da safe sai ya hau benen, ya durƙusa a kan siminti da guntun alli, ya zana, ya miƙe ya duba, ya sake durƙusawa ya goge da tafin hannu.

Gidan ƙarami ne, a hawa na biyar. Falo ne da ɗaki ɗaya da banɗaki, sai kicin wanda mutum biyu ba sa wucewa a cikinsa sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Kafinta ya sa an rushe bangon da ya raba kicin ɗin da wani ɗan sito, ya samu ƙarin taku uku. Abin da ya sa ya zaɓi gidan tun farko taga ce, babba, mai kallon gabas, wadda ke zubo hasken safiya har tsakiyar ɗakin.

A shekara talatin da huɗu da ya yi yana haɗa wa mutane kabad da kantar kicin, akwai ƙa'ida guda da bai taɓa karyawa ba. Ba ya sa zarto a katako sai ya zana kicin ɗin gaba ɗaya a ƙasa, daidai girmansa, sannan ya kira wadda za ta yi girki a ciki ya ce ta shiga ta dafa masa abinci da hannu babu komai. Matan kan yi dariya da farko. Daga baya sai jiki ya tuna aikinsa: ta ɗauko tukunyar da babu ita, ta tara a famfon da ba a kafa ba, ta juya ta yanka albasa a iska. Shi yana tsaye a gefe yana lura da inda gwiwar hannunta ke tsayawa, da ɓangaren da take juyawa, da inda ƙafarta ke taka layi. A nan yake gane abin da bakinta ba zai iya gaya masa ba.

Mata sun fi ɗari uku da ya kalla suna wannan girkin na iska. Matarsa ba ta cikinsu. A tsohon gidansu, a kan wani ƙyauren ƙofa da ya ɗora bisa bulo huɗu ta yi girki shekara ashirin da bakwai. Makon da suka tare ya ɗora shi, ya ce na wucin gadi ne, kafin ƙarshen wata zai yi mata wanda ba a taɓa gani ba. Ta tuna masa sau biyu ko uku a shekarun farko, daga nan ta bari. Yana dawowa da ƙurar katakon gidajen mutane a gashinsa, ya ci abin da ta dafa a sunkuye, ya yaba gishirin.

Shekara shida da suka wuce 'yarsu Auta ta haihu, uwar ta ɗauki jaka ɗaya ta tafi taya ta na 'yan makonni. Ba a yi faɗa ba, ba a yi maganar rabuwa ba. Makonni suka zama watanni, jikan ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ya shiga makaranta. Idan Kafinta ya je, takan gaishe shi da kyau, ta tambayi bayansa da ke ciwo, ta kawo masa abinci a tire kamar yadda ake kawo wa baƙo mai daraja. Da ta zage shi da ya fi samun abin riƙewa. Bara ya gaji da jin takunsa shi kaɗai a babban gida, ya sayar, ya sayi wannan. Sai da aka gama komai ya gaya mata. A ransa kyauta ce yake shiryawa: ya yi mata kicin ɗin da ya yi alkawari, ta gani, ta dawo.

"Mutumina," in ji mai famfo, yana zaune a kan bokiti da ya kifa, "ni fa ba zane na zo kallo ba. Ƙarƙashin taga ko gefen ƙofa? Ɗaya za ka ce in huda bango in kama gabana."

"Idan na sa shi ƙarƙashin taga, firij zai tare ƙofa. Idan na kai firij can, murhu ya shiga lungu, hayaƙi ba shi da hanya."

"To ka sa firij a banɗaki. Na taɓa gani, kuma mutanen suna nan da ransu."

Kafinta bai yi dariya ba. Ya tsaya cikin zanen ya miƙa hannu kamar mai ɗaukar ludayi, sai ya rasa da wane hannu take ɗauka. Ya san yadda matar wani likita take jingina ƙugu a jikin kantar kicin, ya san wata malamar makaranta bahaguwa ce. Tasa matar, abin da ya iya tunawa kawai bayanta ne, a sunkuye.

Mai famfo ya dube shi na ɗan lokaci. Sun yi aiki tare tun suna da baƙin gashi.

"Kai da ba ka yanka wa kowa katako sai mai girki ta taka, yau kai ne kake girki da kanka? Tsoho, kira ta mana. Ko tsoro kake ji?"

"Tsoro nake ji," in ji Kafinta.

Da yamma ya kira Auta. Ya yi ta kewaye-kewaye da tambayar yaro da makaranta, har ta ce, "Baba, faɗi abin da ke ranka." Ya faɗa. Ya ji tana rufe wata ƙofa.

"Hawa na nawa ka ce?"

"Na biyar. Ki ga hasken da ke shigowa, Auta."

"Akwai lifta?"

"Gini ne na da. Amma matakalar tana da faɗi."

"Zan gaya mata. In ta yarda, ranar Asabar."

Ranar Asabar ya riga rana isowa. Ya share ƙasa, ya sake ja layukan da sabon alli, ya rubuta sunan kowane abu a gurbinsa da manyan baƙaƙe. Ya aro kujera ɗaya a wurin maƙwabta. Wajen ƙarfe goma ya leƙa ta taga ya ga motar Auta ta tsaya, ya ga sun fito su biyu sun shiga ginin. Ya gyara wuyan rigarsa ya tsaya a bakin ƙofa.

Shi minti biyu yake yi ya hau. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce. Ya ji muryar Auta daga ƙasa tana cewa, "A hankali, Mama, babu mai korar mu." Sai ya sauka.

A hawa na uku ya same ta, zaune a kan matakala, ta miƙe ƙafar dama, hannunta ɗaya riƙe da ƙarfen gefe, ɗayan a kan wata sanda mai kan roba da bai taɓa gani ba. Gumi ya jiƙa gefen ɗankwalinta.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce, tana haki. "Mun same ku lafiya?"

"Me ya sami ƙafar?"

"Gwiwa ce. Ta kwana biyu."

"Shekara biyu, Baba," in ji Auta, ba tare da ta dube shi ba. "Idan ka zo tana ɓoye sandar a bayan labule."

"Ke dai bakinki ba ya gajiya," in ji uwar.

Ya so ya ce a koma. Ita ce ta kama ƙarfen ta miƙe, ta ce tunda an zo rabi ba za ta sauka ba ta ga abin da aka kira ta gani ba. Ya bi ta a baya, hannuwansa a buɗe kusa da bayanta bai taɓa ta ba, yana jin yadda take jan numfashi kafin kowane taki. Ya auna gidan nan ciki da bai, ya san faɗin kowane lungu har rabin inci. Bai taɓa ƙirga matakalar ba.

Da suka shiga ta zauna a kujerar aro har numfashinta ya daidaita. Ta dubi falon, ta dubi inda aka rushe bango, ta daɗe tana kallon tagar.

"Tagar ta yi kyau," ta ce.

"Saboda ke na..." Ya kasa ƙarasawa.

"Na sani." Ta nuna ƙasa da sandar. "Wannan ne abin da kake sa matan mutane suna yi? Ina jin labari a gari. Wata ta taɓa tare ni a kasuwa tana cewa na more miji."

Ta miƙe ta shiga cikin zanen. Ta ba Auta sandar ta riƙe, ta tsaya inda ya rubuta murhu, ta ɗaga tukunyar da babu ita. Da hannun dama take ɗauka, tana tallafe gindin da na hagu. Ta juya ta hagu. Ta kai hannu sama inda ya yi niyyar kafa kabad, hannun ya tsaya a daidai kafaɗa, ta sauke shi. Kafinta ya tsaya riƙe da alli, idonsa na aikin da ya saba. Yau ne karo na farko da ya ga fuskarta tana girki.

Sai ta fara gyara. Wurin wanke-wanke ya koma ƙarƙashin taga. Firij ya fita daga kicin ɗin ya tsaya a bakin falo, inda aka rushe bango, ta ce ba zai ji haushi ba. Murhu ya matso kusa da famfo, taku ɗaya tsakaninsu. Abin da ya hana shi barci kwana goma sha ɗaya ta warware shi kafin shayi ya huce. Yana bin ta yana gogewa yana zanawa, har wani abu mai kama da murna ya fara motsi a cikinsa.

"Tsayin kantar fa?" ya tambaya, ya jawo tef ɗin awo ya nufi gwiwar hannunta.

"Zo nan," ta ce. "Tsaya a nan. Yanka albasa."

"Ni?"

"Kai. Yanka mu gani."

Ya tsaya ya motsa hannu a iska, kunya ta kama shi. Auta ta juya baya tana danne dariya.

"Dubi yadda yake riƙe wuƙa kamar zai fere ƙofa," in ji uwar. Ta karɓi allin ta ja layi a bango daidai ƙasan gwiwar hannunsa. "Nan za ka sa. Kada ka yi ƙasa da haka, bayanka ba zai ɗauka ba. Kabad na sama ka sa biyu kawai, hannunka yana kaiwa. Murhu mai kai biyu ya ishe ka. Ga soket a nan saboda butar shayi, kada ka riƙa jan waya a ƙasa kana tuntuɓe. Durowa ɗaya ta cokula. Mutum ɗaya ba ya buƙatar fiye da haka."

Ya dubi layin da ke bango. Ya fi gwiwar hannunta tsayi da kusan taƙi guda.

"Ba nawa ba ne," ya ce a hankali. "Naki ne."

Ta mayar masa da allin, ta karkaɗe yatsunta.

"Malam, da ka tambaye ni kafin ka saya, da na ce maka hawan ƙasa. Ko babu taga." Babu zafi a muryarta, kamar mai faɗin farashin tumatir. "Ka yi shi da kyau. Kana cin abincin waje da yawa, ga shi ka rame."

Saukar ta fi hawan wuya. Wannan karon shi ya shiga gaba, yana sauka da baya, ta dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, Auta na riƙe da ɗayan. Nauyin hannun bai kai yadda yake tunawa ba. A kowane hawa sukan tsaya ta huta, su ukun suna kallon bango. A hawa na biyu ya buɗe baki ya ce shekara ashirin da bakwai, ƙyauren nan, sai ta ce ya kula da bayansa, saura taki ɗaya ya faɗi.

A bakin mota ta saki kafaɗarsa. Auta ta zagaya ta tayar da inji.

"Idan na nemi wani gidan," ya ce, "a ƙasa."

"Kada ka sayi komai." Ta shigar da ƙafar mai ciwo da hannu biyu, ta gyara zama. "In ka ga wani, ka zo ka ɗauke ni mu duba. Ban ce na dawo ba. Na ce mu duba."

"To."

"Kuma ka sallami bawan Allahn nan mai famfo, Auta ta ce kwanansa goma sha ɗaya a kan bokiti."

Motar ta tafi. Kafinta bai koma sama ba. Ya tsallaka titi ya bi layin a hankali, hannunsa fari da alli, yana duban gidajen da ke hawan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen layin akwai wani da aka cire labulensa, ƙofarsa da taki biyu kacal daga titi. Ya tsaya a gabansa, ya kai hannu aljihu ya taɓa tef ɗin awo, ya bar shi a ciki. Ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta don ya tambayi wanda ke riƙe da makulli, da kuma ko ana bari a shiga duba gida ranar Asabar.