Filashin Ƙarfe Bakwai

Ni ce na fi kowa ɓaɓatu a kan sabis ɗin unguwar Umma, wannan ba zan ɓoye ba. In na je gidanta da yamma ina so in tura makin jarrabawar 'yan ajina, sai na tsaya a bakin taga, hannu a sama kamar mai tare mota, waya tana ta juya 'yar da'irar nan har hannuna ya sage. Da masu shagunan layin suka rubuta wa kamfanin waya takardar koke, ni na gyara musu rubutun, ni na fara sa hannu. Har layi biyu masu zafi na ƙara a ƙasa da jan biro.

Sai kuwa aka amsa mana. Wata uku bayan nan ma'aikata suka zo da motoci, suka hau ƙarfen sabis ɗin da ke bayan tashar mai, suka kwance tsofaffin na'urori suka ɗaura sababbi. Layi ya ruɗe da murna. Mai aski ya fara kallon ƙwallo a waya ba tsayawa, har ya manta da kan mutum a gabansa. Ni ma na tura maki cikin ƙiftawar ido, na ce yawwa, yanzu muka zama mutane.

A makon ne saƙo ya shigo ƙaramar wayar Umma. Ni na karanta mata, don ciwon suga ya cinye mata ido shekara shida ke nan. Saƙon ya ce ƙarshen wata za a rufe tsohon tsarin sabis, duk wayar da ba ta hau sabo ba za ta daina kira.

Umma ita kaɗai take zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, shekara talatin da ɗaya a ɗakuna biyun nan. Ƙafarta ta san kowane lungu. Tana dafa ruwan zafinta, tana wanke kofinta, ba ta taɓa tuntuɓe da kujera ba sai in wani mai shisshigi ya matsar da ita. Yayanmu ya so ya ɗauke ta zuwa gidansa tun da idon ya tafi, ta ce ba inda za ta. A can sai an ja ta zuwa banɗaki kamar kaya, a nan kuwa ita ce mai gida. Bayan rigima mai tsawo aka yi sharaɗi. Kullum ƙarfe bakwai na safe za ta yi mini filashin, ƙara biyu ta kashe, ni kuma in rubuta wa Yaya cewa lafiya lau. Ranar da bakwai ta wuce ba kira, ranar zai zo da mota ya kwashe ta. Kuma Yaya ba ya faɗa ya fasa, halinsa ke nan tun muna yara.

Wayar da ke riƙe da wannan sharaɗi baƙa ce mai nauyi, an ɗaure bayanta da roba. Lambobin jikinta sun goge tuntuni. Amma madannanta manya ne masu tauri, kowanne in an danna sai ya ce ƙas. Ciwon ya kashe wa Umma kan yatsu, ba ta jin abu mai laushi, to wannan taurin da wannan ƙarar su ne idonta. Ta lalubi madanni na biyu, ta danne shi, ta ƙirga ƙara biyu. Shekara shida ba ta yi fashi ba.

Na ɗauki wayar na tafi ofishin kamfanin. Bayan awa guda a layi na isa gaban wata ma'aikaciya mai fara'ar da aka koya mata. Ta juya wayar da yatsa biyu kamar ta tsinci mataccen ɓera.

"Malama, ai wannan ta gama aiki. Ci gaba ne ya zo. Sabon tsarin ya ninka tsohon gudu sau ashirin."

Na ce, "Uwata ba tsere take yi ba. Ƙara biyu take yi ta kashe."

"Za ta iya kiran bidiyo ma, ku riƙa ganin juna."

"Ba ta gani."

"Ayya. To akwai masu karanta rubutu da murya."

Na ce ba za a bar tsohon ya ci gaba ko a gefe ba, don tsofaffi irinta? Ta ce mutanen unguwar ne da kansu suka rubuto suna neman gyara, kuma ƙarfen ba ya ɗaukar duka biyun. Na so in tambaye ta wane mara aikin yi ne ya rubuta takardar, sai na tuna da jan birona. Na kwashi wayata na fita, raina kamar ya yi wuta.

Daga nan muka shiga makaranta, ni da Umma. Na fara kawo ƙananan wayoyi masu madannai na sabon tsari, har iri uku. Duk madannansu roba ce lumus, a manne da juna, ba ƙara ba tauri. Umma ta shafa ta farko ta ce, "Auta, wannan sabulu ne ko waya?" Sai Yaya ya aiko da babbar waya ta shafawa, da dogon bayani a kan yadda yaransa suka iya ta tun ba su iya tafiya ba. Na manna salatif a daidai inda za ta taɓa. Rana ta farko ta kira makanikena sau huɗu. Rana ta biyu ta ɗauki hoton silin da haɓarta guda arba'in. Na kunna mata muryar da ke karanta komai, muryar ta riƙa surutu duk inda yatsa ya gifta.

Umma ta ce, "Kashe min mara kunyar nan. Ba ta bari babba ya gama magana."

Shekara goma sha huɗu ina koyar da yara, ban taɓa ɗaga murya yadda na ɗaga wa uwata ranar Larabar ƙarshe ba. Na ce, "Haba Umma! Nan ne, nan! Sau nawa zan nuna miki?" Ta ajiye wayar a cinya, ta ce, "Ai nuna min kike yi, Auta. Shi ya sa." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, a gaban wadda ba ta ma ganin fuskar.

Ran ɗaya ga wata tsohuwar waya ta mutu kamar yadda aka alkawarta. A kan wannan dai kamfanin bai saɓa ba. Na zauna da tawa a hannu tun bakwai saura kwata. Bakwai daidai ta yi ƙara. Sunan Umma. Ƙara biyu, aka kashe.

Na yi tsalle a kicin har maigidana ya leƙo. Na rubuta wa Yaya lafiya lau, na ƙara da cewa wasu dai sun iya koyarwa. Washegari ma haka. Kwana tara a jere ba fashi, ba kiran makanike, ba hoton silin. Da na tambaye ta yadda aka yi, sai ta ce hannu ne ya saba. Ni kuwa na karɓa, don abin da nake son ji ke nan. Har a ofishin malamai na ba da labari, ina fankama da dabarar salatif.

Rana ta goma na manta rajistar ajina a gidanta, dole na biya kafin makaranta. Na isa bakwai saura minti goma. Ina shiga ƙofar benen na ji murya a sama tana ƙirga a hankali.

"Sha tara. Ashirin."

Umma ce. Hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, ɗaya ya ƙanƙame babbar wayar a ƙirji. Tana sauko da ƙafar dama, ta laluba, ta kawo ta hagu kusa da ita, sannan ta faɗi lamba. Matar da rabonta da matakalar nan ba hannun wani tun kafin a yaye ɗana na biyu. Matakalar da ba fitila, wadda gefen ta bakwai daga ƙasa ya gutsure, ni mai ido biyu ma sai na lura. Na daskare a jikin bango. Tsoro ya hana ni magana, don na san in na firgita ta, faɗowa za ta yi.

"Ashirin da shida," ta ce, ta sauke numfashi.

Ta wuce ta gabana, har gefen mayafinta ya taɓa jakata. Ta bi bango ta fita, taku tara, zuwa gidan burodin da ke ƙasan benen. Na bi ta kamar ɓarauniya. Mai burodin, dattijo mai gari har gira, yana ganinta ya goge hannu a gaban riga.

"Barka da asuba, Mama. Saura minti biyu."

"To mu jira. Yarinyar nan malama ce, in ya wuce ko ya gaza sai ta yi bincike."

Ya ɗago ya gan ni a bayanta. Bakinsa ya buɗe. Na girgiza masa kai, ni ma ban san me nake nufi ba. Bawan Allah ya rasa ta yi, sai ya yi abin da ya saba kwana tara, ya karɓi wayar ya taɓa sunana.

A da, kira a layin nan sai ya yi shawara kafin ya shiga. Yanzu kuwa yatsansa bai gama tashi ba jakata ta ɗauki kiɗa. Kiɗan da Umma ta sani sarai, don ita ce kullum take cewa in canza shi, kamar na masu tallan magani.

Ƙara ɗaya. Ƙara biyu. Mai burodi ya kashe.

Umma ba ta juyo ba. Ta miƙa hannu aka sa mata wayar, ta mayar da ita ƙirji.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun sha tara."

"To kin ga ban faɗi ba."

"Umma, ta bakwai ɗin nan a gutsure take! In ƙafarki ta..."

"Na san ta. Da idona na ga ranar da ta gutsure, kina aji uku." Ta gyara mayafi. "Yayanki yana jira."

Gaskiya ta faɗa. Saƙonsa ya riga ya shigo: Ya ake ciki, ta kira? Na tsaya da waya a hannu, ina jin haushin kamfanin, da ma'aikaciyar, da Yaya, da salatif, da jan biro, da wannan tsohuwa mai taurin kai da ta tsaya tana jira in yanke mata hukunci a gaban buhunan fulawa. In na faɗi gaskiya, kafin azahar motarsa tana ƙofar nan. In na yi shiru, gobe ma matakala ashirin da shida ce, sauka da hawa.

Na rubuta lafiya lau. A da sai saƙo ya yi ta juyawa, mutum ya samu damar sake tunani ya goge. Wannan ban ɗauke yatsa ba ya nuna ya isa, kuma an karanta.

Na kama hannunta za mu hau. A matakala ta uku ta zame hannun, ta lalubi ƙarfen.

"Sake ni, Auta, kina ɓata min ƙirga. Gobe ba kya nan."