Gindin Tsamiya

Allurar ma'aunin da ke kan tukunyar iskar ta kusa taɓa ja. Adawiyya ta san abin da hakan ke nufi: in iskar ta ƙare, numfashin mahaifinta ya ƙare. Malam Sahabi, mahaucin da a da muryarsa ke cika Ƙofar Rini, yana kwance da roba a hanci, ƙirjinsa na sama da ƙasa da ƙyar.

Mai kawo sabuwar tukunyar baƙo ne daga Kudu, ko "sannu" bai iya ba, ga layi sai yankewa yake. Ya ce ta rubuto masa kwatance da Turanci.

Adawiyya malamar firamare ce, ba ta wasa da Turanci ko da gobara ake. Ta tsaya ta auna: gidansu a gaban tsamiya yake, ko daura da ita? Ta zaɓi kalmar da ke nufin tsallaken titi, ido da ido, ta tura. Ko mai duba jarrabawa ba zai ga inda zai ja layi ba.

Aka yi kiran azahar, shiru. Tsoro ya kama ta sosai.

"Wai ina mutumen ga yat tsaya?" in ji Inna Tani, mahaifiyarta, tana yi wa maigidan fifita. "Ɗiyata, kin ko hwaɗa mai daidai?"

"Daidai na rubuta, Inna."

Saƙon baƙon ya shigo: yana ta zagaye, babu wata bishiya.

Babu bishiya! Ta figi mayafi ta fita a fusace, takalmi ƙafa ɗaya. Tana isa bakin titi ta yi turus. Kwalta ce, da shagon cajin waya, da rana mai dukan ƙeya. Tsamiyar da babanta ke kafa teburin nama a ƙarƙashinta, an sare ta tun lokacin da aka faɗaɗa titi. Ta sani sarai, a gabanta aka yi. Amma kowa a unguwar "Gindin Tsamiya" yake ce wa wurin, masu adaidaita ma nan suke sauke mutum, har ita ta daina ganin babu.

Can ta hango farar mota tana shirin juyawa. Ta faɗa tsakiyar titi, ta cire mayafin tana kaɗawa, tana ihu da Hausa, Turancin duk ya gudu.

Suka shigo da tukunyar, allurar tsohuwar tana kwance a ja. Inna Tani ta bar fifita, salati kawai take. Baƙon ya ɗaura, ya murɗa. Da ƙyar ƙirjin ya ɗaga, ya sake ɗagawa.

Sai bayan la'asar Malam Sahabi ya buɗe ido.

"Baƙon ga, ina kinka ishe shi?"

Ta riƙe hannunsa, hawaye na zuba.

"Gindin Tsamiya, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido. "Tana nan ko?"

"Tana nan."